Inuwar Tobin

Da aka tashi neman wanda zai je ya sallami matar, duk idanu suka juyo kan Wendell. Shi kuwa yana ƙarshen benci da kofin kofi a hannu, yana ƙoƙarin sajewa da bencin.

"Kai ka saba," in ji Lorna. "Ka san yadda ake faɗar abin."

Gaskiya ce, ya saba. Shekara da shekaru ya yi yana mataimakin hedimasta a wata sakandare, kuma rabin aikinsa shi ne ya zaunar da uwa a kujera, ya tura mata kwalin tishu, ya gaya mata ɗanta ba zai dawo ranar Litinin ba. Don ya huta da wannan ne ya ajiye aikin, ya cire 'yarsa Tamsin daga aji biyu, ya koma gyaran kekuna a garejin gidansa. Kowace shekara, a makon da ake komawa makaranta, yakan kwaso iyalinsa su zo bakin wannan tafki na jihar Oregon a Amurka, su kafa tanti tare da sauran iyalan da ba sa kai 'ya'yansu makaranta, ba sa kuma buɗe musu wata a gida. Yaro ya koyi abin da ransa ya so, a lokacin da ya so. Mutanen taron suna kiransa Hedimasta don tsokana, ƙarin girman da gwamnati ba ta taɓa yi masa ba.

"Ba kora ba ce," in ji Lorna, kamar ta leƙa cikin kansa. Ita ta kafa taron tun 'ya'yanta suna ƙanana, yanzu jikokinta ne ke gudu tsirara a bakin ruwa. "Zaɓi za ka ba ta. Ko ta zama inuwar ɗanta, ko su kama hanya kafin abincin rana."

Dokokin taron ba su da yawa, mutanen ma ba sa so a kira su dokoki. Kowa ɗansa a wuyansa yake. Ba ka tsawata wa ɗan wani, ba ka ba shi umarni. In ya dame ka, ka nemi uwarsa ko ubansa. Yaron da hannunsa ke saurin kai duka kuwa, sai a yi masa inuwa: uwarsa ko ubansa ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, kusa yadda hannu zai kai, ba don a hana shi wasa ba, sai don a tare dukan kafin ya sauka.

Yaron da ake magana a kai sunansa Tobin, shekararsa bakwai, bana ne zuwansu na farko. Tun da suka iso ya ture wata yarinya daga gadar katako zuwa cikin ruwa, ya ciji Silas ɗan Garrick a dantse, jiya da yamma kuma ya sami Tamsin da sanda a gira.

"Ɗana ya kwana da shatin haƙora a hannu," in ji Garrick. Abokin Wendell ne na gaske, tare suke fita kamun kifi da asuba su dawo da ƙarya iri ɗaya. "Je ka kawai, mutumina. Ka fi mu iya tausasa murya."

Wendell ya waiga wajen matarsa ko zai sami ceto. Maren tana kankare tukunyar da aka dafa kunun safe, ba ta ko ɗago ba.

"Girar 'yarka ce, Hedimasta," ta ce. "Ba tawa ni kaɗai ba."

Haka ya ajiye kofin ya tashi.

Tantin Darla, uwar Tobin, yana can ƙarshe kusa da banɗakuna, wurin da yake ragowa ga wanda ya iso a makare. Ya same ta zaune a bakin motarta, jaririya a kafaɗa tana kuka irin na ciwon kunne, kukan da ba ya hawa ba ya sauka. Ta dube shi tun daga nesa har ya iso.

"Na san wannan fuskar," ta ce. "An yi mini ita a makaranta biyu da coci ɗaya. Ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Ba kora ba ce," in ji Wendell, ya ji kunyar bakinsa. "Ana so ne ki zama inuwarsa."

"Da wane hannun? Wannan?" Ta ɗaga kafaɗar da jaririya take kai. "Ko wannan da nake dafa abinci da shi? Jiya na bi shi har yamma ta yi. Na zauna in ba wannan nono, kafin ta ƙoshi ya fasa wa 'yarka gira. Ka yi haƙuri da wannan, don Allah. Na je in faɗa wa matarka, ta shige tanti."

"Babansa fa?"

"In ka gan shi ka gaishe shi."

A da, nan ne Wendell yake tura kwalin tishu.

"Kwana biyu na yi ina tuƙi daga jihar Idaho," in ji Darla, muryarta ba ta rawa, wannan ma ya fi muni. "An ce mini a nan ba a korar yaro. Shekaranjiya ya dawo yana ba ni labarin wani yaro da suka kama kwaɗo tare. Ka san rabon da ya ambaci sunan wani yaro a gabana? Ni ma rabon da in zauna da manya in sha kofi yana da zafi..." Ta katse maganar, ta sunkuya da jaririyar, ta fara tuge turken tanti da hannu ɗaya.

A lokacin ne Wendell ya lura da tafin ƙafa biyu masu datti a ƙarƙashin motar. Tobin yana kwance a can, yana jin komai.

"Ni zan yi," in ji Wendell.

Darla ta tsaya. "Za ka yi me?"

Shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan. Shekararsa ta kusa hamsin, gwiwarsa ta hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, gudun ƙarshe da ya yi kuwa don kada a rufe shagon burodi ne. Amma maganar ta riga ta fita.

Da ya koma da labarin, Lorna ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ɗanka ba ne, Wendell. Ba a taɓa yin haka ba."

"An aike ka kora ka dawo da aikin raino," in ji Garrick. "Allah ya sa ba haka kake yi wa gwamnati ba."

"Zuwa abincin dare kawai. Ku ba ni yau."

"To, ka ji sharaɗina a gaban kowa," in ji Garrick, dariyar ta bar fuskarsa. "In yaron nan ya sake kai duka, yau za su tafi. Ba taro, ba wata doguwar magana a kan yadda kowa ya ji a ransa."

Lorna ta gyaɗa kai. Maren ta kife tukunyar da ƙarfin da ya wuce bukata.

Tobin ya fito daga ƙarƙashin mota ya nufi daji ba tare da ya kalli kowa ba. Wendell ya bi shi. Suka tsallaka rafi, suka hau tudu, suka sauko, suka sake hawa, ba don komai ba.

"Me ya sa kake bi na?"

"Ni ne inuwarka yau."

Yaron ya dube shi sama da ƙasa. "Inuwata ba ta da tumbi."

"Yau tana da shi. Ka tausaya mata."

Bai tausaya ba. Ya ratsa ta ƙarƙashin wayar shinge, ya bi ta cikin ƙayar inibin daji, ya haye wani faɗaɗɗen icce da ya kwanta a kan rami. Wendell ya bi shi da rarrafe, yana addu'ar kada wani mai waya ya gan shi. Amma a cikin haki ya fara ganin wani abu. Muddin su biyu ne, yaron lafiya lau yake, har ya nuna masa inda kwaɗin suke ɓuya. Da suka dawo wajen teburin fenti, yara suka yi yawa, surutu ya tashi, sai kafaɗun Tobin suka fara hawa har suka kusa taɓa kunnuwansa. Wata yarinya ta miƙa hannu ta ɗauki burushin da ke gabansa. Wendell ya zura hannunsa tsakaninsu kamar mai neman ruwan fenti, ƙaramin dunƙulen ya tsaya a iska, ya sauka a hankali. Babu wanda ya lura.

Sau biyu ya sake yin haka kafin la'asar, sau ɗaya a layin abinci, sau ɗaya a kan lilo. Wendell ya fara jin kansa gwani, wanda a tarihin rayuwarsa alama ce ta cewa masifa tana kusa.

Sai aka busa ƙaho a babban fili. Yaƙin takubba ne, abin da yaran taron suke jira tun bara. Kowa yana da takobinsa na bututun roba mai tauri da aka naɗe da soso aka ɗaure da salatif. Wanda aka taɓa a ƙirji ya mutu, sai ya kwanta a ciyawa har a gama.

Tobin ya juya ya nufi filin.

Tsohuwar muryar ofis ta taso wa Wendell har maƙogwaro. Kalma ɗaya ce, ya san in ya faɗe ta da waccan muryar yaron zai daskare a inda yake. Ya haɗiye ta. Ba ɗansa ba ne, kuma rabin iyayen taron suna zaune a gefen fili.

"Ba ka so mu koma wajen kwaɗin?"

"A'a."

"Akwai kankana a kicin. Na ga inda aka ɓoye ta."

"Ci kai." Ya zaro takobi daga tulin da ke ƙasa, wani tsoho wanda salatif ɗinsa ya fara saki.

Haka Wendell ya shiga yaƙi ba makami, ƙato guda a tsakiyar yara, yana bin ɗan shekara bakwai a guje. Iyaye suka fara dariya. "Hedimasta, an kashe ka tun ɗazu, kwanta!" wani ya yi ihu. An sare shi a cinya, an sare shi a baya, wata 'yar mitsitsiya ta soke shi a ciki ta ce masa ya mutu da kyau. Can ya hango Darla tsaye a bakin fili tana jijjiga jaririya, ba ta dariya. A ɗaya gefen Garrick ne, hannuwa a naɗe a ƙirji.

Tobin yana wasa da kyau, har yana ƙyalƙyala dariya. Sai ya karkata kwatsam ya bi ta bayan tarin ciyawa, Wendell ya juya zai bi shi, gwiwar ta ce ita nan ta tsaya. Zafin ya harba har ƙugunsa. Kafin ya miƙe, yaron ya yi masa nisa.

Yana ɗingishi yana kallo Silas ya fito ta gefe ya taɓa Tobin a ƙirji, taɓawa mai tsabta, ba gardama.

"Ka mutu!"

"Ban mutu ba."

"Ka mutu, na taɓa ka! Kowa ya gani!"

Yara suka taru suka kewaye shi. "Ka mutu! Ka mutu! Kwanta!" Kafaɗun suka fara hawa. Tobin ya riƙe takobin da hannu biyu yana murɗawa, soson ya zame ya faɗi a ciyawa, ya bar farin bututu tsirara. Silas bai gani ba, ya matso har fuskarsa tana kusa da ta Tobin, yana nuna masa ƙasa da yatsa.

Wendell bai san yadda ya isa ba. Daga baya waɗanda suka gani sun ce ba tsalle ya yi ba, faɗuwa ce da ta dace da alkibla. Ya dai san ya ture Silas gefe da kafaɗa, ya ga farin abu yana saukowa, sai wata ƙara a cikin kansa kamar an karya busasshen reshe. Tabaransa ya rabu biyu. Ya sami kansa a durƙushe, jini yana zuba daga hancinsa zuwa kan ciyawa.

Filin ya yi tsit. Silas ya fashe da kuka ba tare da an taɓa shi ba. Tobin ya saki bututun, ya dubi jinin, ya juya ya ruga wajen tafki.

Mutane suka taso, wani da tawul, wata da ƙanƙara. Wendell ya karɓi tawul ɗin ya danne hanci, ya miƙe, ya bi yaron yana jan ƙafa, domin har yanzu ba a ci abincin dare ba, kuma wajen ruwa ya nufa.

Ya same shi a ƙarshen gadar katako, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Wendell ya zauna kusa da shi, yadda hannu zai kai.

"Ba kai na so in buga ba."

"Na sani."

"Za mu tafi ko?"

A ofis yana da amsoshi masu laushi na irin wannan tambaya. "Ban sani ba," ya ce ta cikin tawul. Suka zauna suna kallon ruwa har aka buga tukunya don abinci.

Garrick ya ce ba taro, amma a wannan wurin ko gishiri ba a ƙara wa miya sai an zauna. Aka yi da'ira kusa da kicin, wake da dankali suna hucewa a kan tebur. Al'adar ita ce sai mai riƙe da ludayin katako yake magana, kuma ba a ƙuri'a, sai kowa ya yarda. Darla ta riga ta loda motarta. Tana tsaye a bayan da'irar da makulli a hannu, Tobin ya koma ƙarƙashin mota.

Garrick ya karɓi ludayin. "Ba ni da dogon bayani. An yi sharaɗi a gaban kowa. Da bututun nan ya sauka inda aka nufa, da yanzu muna hanyar asibiti da ɗana." Ya miƙa wa Wendell ludayin kamar mai miƙa wuƙa. "Ko ƙarya na yi?"

Wendell ya juya ludayin a hannu. Hancinsa ya kumbura, muryarsa tana fita kamar ta agwagwa, ba irin muryar da mutum zai so ya yi jawabi da ita ba.

"Ba ka yi ƙarya ba. Ya kai duka, kuma Silas ya nufa. Ni ya samu saboda ina wurin. Jiya babu kowa a wurin, ya sami Tamsin." Ya ja numfashi ta baki. "Sau uku yau na tare shi ba wanda ya sani. Ana ganinsa yana zuwa, kafaɗunsa ke hawa. Aikin ba wuya, sai dai yana son mutum mai hannu biyu da gwiwa biyu. Muna cewa kowa ɗansa a wuyansa. Ni dai ban taɓa ɗaukar Tamsin ni kaɗai ba. Ina da Maren. Rabinku kun ciyar da ita, Garrick ne ya koya mata iyo ina kwance ina barci. Ba mu taɓa kiran wannan karya doka ba, saboda 'yata ba ta cizo. Waccan matar ita kaɗai ce da jaririya mara lafiya, muka ce ta yi abin da babu ɗayanmu da ya taɓa yi." Ya dubi ƙasa. "Ni na gama, gwiwata ta mutu. Sauran kwanakin nan, in za a karɓa-karɓa, rabin yini rabin yini, zai yiwu. In babu mai karɓa, to ku bar ni in raka ta mota."

Ya ajiye ludayin a tsakiya. Babu wanda ya motsa. Wani ya gano abin sha'awa a igiyar takalminsa. Wata ta tuna ɗanta yana bukatar a goge masa baki. Wendell ya ji makullan Darla suna ƙara a bayansa, sannan takunta, sannan buɗe ƙofar mota.

Maren ta miƙe ta ɗauki ludayin.

"Har yanzu ina jin haushi," ta ce, ba ta kalli mijinta ba. "Ina so a san wannan. Kuma na auri mutumin da ke tare sanda da hanci, wannan ma ina jin haushinsa. Ni zan karɓa daga yanzu zuwa barci. Gobe da safe ku nemi wani wawan."

"Ni ce wawan safe," in ji Lorna, ba ta ko jira ludayi ba. Wani uba mai 'yan biyu ya ɗaga hannu rabi, matarsa ta ƙarasa ɗaga masa.

Ludayin ya zagayo ya dawo hannun Garrick.

"Ba zan hana ba," ya ce. "Amma ba zan zauna ina jiran ranar da inuwar za ta yi tuntuɓe ba. Yau saura kaɗan. Silas a wuyana yake, haka muka ce, ko ba haka ba?" Ya ajiye ludayin a hankali, ya kama hannun ɗansa, suka fita daga da'irar.

Babu wanda ya iya cewa bai yi gaskiya ba.

Maren ta wuce wajen motar Darla. Wendell ya ga matan biyu sun tsaya suna magana, gajeriyar magana, ba runguma. Sannan Maren ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin mota, ta zauna a ƙasa tana jira. Darla ta rufe ƙofar da ta buɗe, ta jingina da motar, ta rufe fuska da hannun da ba ya riƙe da jaririya.

Aka fara zuba abinci. Wendell bai ji yunwa ba. Ya ɗingisa zuwa tantin Garrick, ya same shi yana kwance igiyoyi, matarsa tana naɗe barguna, Silas yana zaune a kan akwatin ƙanƙara yana kallon hancin Wendell da sha'awa.

"Ka bari sai da safe mana," in ji Wendell.

Garrick ya ci gaba da kwance igiyoyinsa. Tantin babba ne, na iyali, irin wanda ba ya saukuwa sai da mutum biyu. Ya zare sandar farko, rufin ya karkata zai faɗo masa a ka. Wendell ya kama ɗaya ɓangaren ya riƙe.

"Ɗaga sama," in ji Garrick. "Kana zubar mini da jini a kan tanti."

Wendell ya ɗaga.